Sammacin Hajo Bai Tsallake Iyaka Ba

A Gafasa, in ka ce Barau kake nema, ba a tambayarka wanne, ko da yake masu sunan suna da dama. Za a nuna maka gidan da dangarsa ta karkace a bayan masallaci, a ce, "Mai sammaci ke nan." Mutumin nan bai taɓa aikin kotu ba, ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba. Manomin gyaɗa ne kamar ubansa, gajere, mai faɗin kafaɗa, wanda in ya sunkuya da fartanya ba ya ɗagowa sai ya kai ƙarshen kunya. Amma shekarun ƙarfinsa a bin wata takarda suka ƙare, sunan kuwa ya manne masa.

Labarin ya fara tun kafin a haife shi. Uwarsa Talatu wabi ta yi ta yi, ta haifa ta binne, ta haifa ta binne. Da ta haifi wani yaro mai suna Bala, tsofaffi suka kawo shawarar da aka saba kawowa, cewa a canja wa jaririn nono ko mutuwa ta ɓata hanya. A gefen gari akwai ruga, a cikinta akwai wata Bafulatana, Hajo, tana goyon ɗanta Bubayero. Aka riƙa kai mata Bala tana shayar da shi. Bai hana komai ba, ƙyanda ta ɗauke shi tun ba a yaye shi ba. Da Barau ya biyo baya, Talatu ta ce ita ta gaji da dabara. Ta rungume abinta, ta ce in Allah ya bar mata to, in ya karɓa nasa ne. Allah ya bar mata shi.

Bayan wasu shekaru wata mata ta rasu wajen haihuwa a garin, ta bar jaririya, Hure. Hajon dai aka kai wa, don a lokacin tana da wani goyon. Wannan kam kowa ya sani. Da aka yaye Hure, kawunta Datti ya ɗauke ta zuwa Kademi ya riƙe, can kuma Barau ya gan ta da ya je sayen irin gyaɗa, ya dawo ba irin sai maganar aure.

Ba zan ce zamansu babu faɗa ba. Sukan yi a kan awaki, don Hure na da wata akuya da ta raina danga, Barau kuwa kullum rantsuwa yake zai kai ta kasuwar Ajingi, bai taɓa kaiwa ba. Amma in ya dawo gona ya tarar ta fita unguwa, sai ya zauna a zaure ya ƙi cin abinci har ta dawo, ya ce wai ba ya jin yunwa. Samari na yi masa dariya yana ji. Suka haifi Hindatu da ƙannenta, duk suka rayu, iyayen Barau suka rasu suna masu sa albarka. Su Hajo kuwa tuni sun tashi. Shanun Bubayero sun ci gonar wani, aka yi faɗa har da sanda, suka kwashe nasu ya nasu suka yi gabas, aka ce suna bayan Azare.

A kakar shekarar da ta biyo bayan rarraba Arewa jiha-jiha, ana can ana yaƙi a kudu, mata suka taru a wani gida suna ɓarar gyaɗa. Cikinsu akwai wata tsohuwa da ko haƙori ɗaya babu a bakinta amma har yau Amarya ake kiranta. Ta ga Hure ta tashi da wuri don ta ɗora wa mijinta tuwo, sai ta ce, cikin yabo fa, ba da wata manufa ba, "Allah mai iko. Barau da Hure, ai dole su shaƙu, nono ɗaya suka sha." Wata tsararta, Kubura, ta gyaɗa kai ta ce ƙwarai kuwa, da idonta ta ga ana kai ɗan Talatu ruga.

Tsofaffin nan ba ƙarya suka shirya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan, don da maƙiya ne da an san inda za a kama. Sun tuna an kai ɗan Talatu wajen Hajo don ya rayu. Sun duba sun ga ɗan Talatu guda ya rayu. A wajensu magana ta ƙare, wanda aka yi wa magani shi ne ya tashi. Wa zai tuna da jaririn da bai kai yaye ba, a gidan da aka binne jarirai da yawa? Magana kuwa zarar bunu ce. Kafin a gama ɓarar gyaɗar shekarar ta isa Kademi.

Kawu Datti mutum ne mai tsoron Allah, irin tsoron da ke sa mutane su ji tsoronsa. Ya zo da jakinsa, bai yi faɗa ba, bai zagi kowa ba. Ya ce, "Barau, ban ce ka yi laifi ba. Amma ba zan kwana ina tunanin 'yata tana ɗakin wanta ba. Mu je gaban alƙali." Ya tafi da Hure da ƙananan yaran, aka bar masa Hindatu don ta riƙa dafa masa abinci.

A Gaya alƙali ya saurari tsofaffin biyu, ya saurari Barau, wanda ya ce uwarsa ta sha gaya masa Bala ne aka kai ruga. Alƙali ya ce ba zai raba aure a kan maganar da ba a taɓa ji ba sai bayan an haifi 'ya'ya, amma kuma ba zai mayar da mace ɗaki da wannan shakka ba alhali wadda ta ba da nonon tana raye. A kira Hajo. Kafin nan Hure ta zauna gidan kawunta, ita ba sakakka ba, ita ba mai ɗaki ba. Barau ya ji sanyi a ransa. A ganinsa abin mako biyu ne.

Aka rubuta sammaci. Sai masinjan kotu ya ce shi ƙafarsa ba ta wuce iyakar Jihar Kano. Barau ya koma gaban alƙali ya durƙusa.

"Allah ya gafarta Malam, ai Azare nan ce kusa. Ba ta kai nisan wasu garuruwan da ake kai sammaci ba."

"Ba nisa ba ne," in ji alƙali. "Da can sai in rubuta wa ɗan'uwana na can, ya tura a kawo ta. Yanzu Azare Jihar Arewa maso Gabas ce. Sammacina a can takarda ce kawai, sai kotunsu ta sa masa hannu kafin ya zama dole a kan kowa. Ka kai musu ka gani."

Ya sa takardar cikin tsumma, ya sa tsumman cikin aljihun ciki, ya hau babbar mota a kan buhuna. A hanya ya yi ta zuba ido ya ga iyakar nan da ake faɗa. Bai ga komai ba sai gero da dawa da kuka iri ɗaya da na gida, mutane kuma da Hausarsu. A kotun can magatakarda ya karɓi takardar, ya juya ta, ya mayar masa cikin ladabi. Ya ce ba sa karɓar sammacin wata jiha daga hannun mai shari'a. Sai manyan Kano sun aika wa manyansu a Maiduguri, su kuma su sauko da shi. Barau ya ce to bari ya je ya roƙi tsohuwar da bakinsa. Ya yi tambaya har ya kai rugar, ya tarar da turaku da busasshen kashin shanu. Sun bi ciyawa kudu, ba za su dawo ba sai ruwa ya sauka.

Nan fa gizo ke saƙa. Manomi ba shi da lokacin tafiya sai rani, makiyayi kuwa ba ya zama wuri ɗaya sai damina. Sammaci kuma yana ɗauke da ranar zama a jikinsa. Kafin ya fita Gaya ya kai Kano, ya kwanta a kan tebur, a ce an aika, a ce ba a gani ba, ranar ta wuce, takarda ta mutu, sai a sake wata. Aka canja alƙali, sabon ya ce shi bai ji shaidu da kunnensa ba, a faro daga farko. Amarya ta rasu, maganarta na nan a rubuce, matacce kuwa ba a ce masa ya sake tunani. Aka canja hannun tuƙi a ƙasar, aka canja kuɗi, Barau yana nan yana bin mota a kowane rani.

Kawu Datti ya yarda masa ya riƙa zuwa Kademi ranar Juma'a ya kawo hatsi. Sai a shimfiɗa tabarma a zaure, Kawu ya zauna a tsakiya da carbinsa, Hure ta tsaya daga bakin ƙofar cikin gida a lulluɓe. "Sannu da zuwa, Malam." "Yauwa, ya yara?" "Lafiya lau." Iyakar hirar ke nan, mutanen da suka saba faɗa a kan akuya. Yana komawa gida da ƙafa, ransa a ɓace, ya tarar da tuwon Hindatu, wanda yarinya ce ta tuƙa, ya ci don kada ta ji ba daɗi.

A shekarar babban fari, da ya ga shuka ta tsaya ba ta gaba ba ta baya, ya bar gonar a tsakiyar damina ya tafi, abin da bai taɓa yi ba tun da ya iya riƙe fartanya. A wannan karon ya same su. Hajo ta tsufa ainun, tana zaune a inuwar bukka tana kaɗa ɗan abin da ya rage na nono. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya faɗi ko shi wane ne. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ɗan Talatu? Wanda ya rayu?"

"Ni ne, Inna."

Ya kwashe labari ya gaya mata. Ta ajiye maburgi ta riƙe baki.

"Kai yaro, wa ya ce na shayar da kai? Bala na shayar, baƙi, mai kuka da yawa, tare da Bubayero na. Ni na rufe masa ido ma, ranar uwarsa ta kasa. Kai lokacin ko cikinka ba a yi ba. Da aka haife ka na je barka, na ce a kawo min kai, uwarka ta ce a'a, ta daina. Yarinyar nan Hure kam 'yata ce, ta sha ni sosai. Amma kai ko ɗigo."

Barau ya kifa kai a kan gwiwa ya yi kuka, kukan da bai yi ba ranar da aka tafi da matarsa. Ya ce, "Inna, ki taimake ni ki zo ki faɗi haka a Gaya. Zan goya ki in ta kama." Ta ce ita ba ta ƙi ba, amma a tambayi mai gidan.

Bubayero ya dawo kiwo da shanun da ƙasusuwansu suka fito, ya ji abin da ake ciki, ya ce sam. Shi ya san mutanen Kano, dabara ce. A riƙe uwarsa a kotu don shi ya biyo ta, a tayar da tsohuwar maganar gona da sanda. Barau ya rantse wanda aka yi faɗan da shi ya mutu tuntuni. Bubayero ya ce mai gona ya mutu, 'ya'yansa fa? Barau ya ciro sammacin ya nuna. Bubayero ya dube shi ya ce, "Na alƙalinku ne. In namu ya aiko ɗan sanda, ba ni da yadda zan yi. In ba haka ba, uwata ba ta taka ƙasar Kano."

Ya dawo da gaskiya a bakinsa, ya zube ta gaban alƙali. Alƙali ya ce ya ji, amma mutum ba ya zama shaidar kansa. In da dattawa biyu da kotu ta sani za su je su ji daga bakinta, da an duba. A shekarar da mutane ke cin ganye wa zai bar iyalinsa ya bi shi Azare? Da daminar gaba ya samu biyu suka yarda, suka je, Bubayero ya tare su a bakin ruga ya ce uwarsa ba ta magana da baƙin maza. Suka juyo, dattawan suna mitar wahalar mota.

Shekarar da ƙwarin darɓa suka cinye gyaɗa, Barau ya ce ba zai ƙara jiran wani ya aika ba. Ya sayar da jakinsa da awakin da suka rage. Ya tare a bakin wani ofis a Kano har suka gaji da ganinsa, suka ba shi takardar a rufe a ambulan suka ce ya kai da kansa. Ya yi Maiduguri, garin da ko sunan unguwa ɗaya bai sani ba. Yana dako a tasha da safe don ya ci, da hantsi ya je ya zauna a kan benci. Mai hatimi ya yi tafiya, mai hatimi yana taro, mai hatimi ya dawo amma ba a ga fayil ba. Rannan dai aka kira sunansa, aka buga hatimin a gabansa, aka sa hannu, aka ce kotun Azare ta tilasta wa shaida zuwa. Ya ce bai taɓa ganin abu mai kyau irin tawadar nan ba.

Ya sauka Azare da ƙafafu a kumbure. Magatakardan ya san shi yanzu, har yakan tambaye shi yara. Ya buɗe ambulan ya karanta, ya cire tabarau.

"Malam Barau, ba ka ji rediyo ba?"

"Na ji ana ta maganar jihohi a mota. Ban kula ba."

"An raba jiharmu. Mu yanzu Bauchi muke. Wannan hatimin na jihar da babu ita ne. Wallahi da ka zo makon da ya wuce da ni da kaina zan raka ɗan sanda. Yanzu ba mu san ma wa za mu tambaya ba, sai an kafa ofis a Bauchi, Kano ta sake rubutowa."

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Barau ya karɓi takardarsa ya naɗe a tsumma, ya yi godiya, don shi mutum ne mai godiya ko an mare shi.

Bai biya Gafasa ba, Kademi ya wuce. Aka shimfiɗa tabarma, Kawu ya zauna, Hure ta fito bakin ƙofa. Ya ba su labari, sannan ya ce ba komai, Bauchi ma ta fi kusa, in an yi girbi zai sake ɗaura ɗamara. Sai Hure ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta shigo zauren ta zauna a ƙasa.

"Malam, ni ban taɓa shakkar maganarka ba. Na san kai ba wana ba ne. Amma ka dube ni. Na shigo gidan nan da goyo, yaron yanzu shi ke kai awaki kiwo. In ana lissafin matan aure ba a sa ni, in ana na zawarawa ba a sa ni. Ina daka a gidan da ba nawa ba, ina cin tuwon da ake ƙirga min loma. Kai kuma ka sayar da jaki, gobe gona za ka sayar. Na gaji, Malam. Don Allah ka sawwaƙe min."

Ya dubi Kawu ko zai tsawata mata. Kawu ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Barau ya yi lissafinsa irin na manomi. Ya ce a ransa, saki ɗaya ai ba ƙarshen duniya ba ne. Ta samu ta huta, a daina yi mata kallon wadda aka rataye, shi kuma ya ci gaba da bin takarda, ranar da Hajo ta zo a sake ɗaura aure. Da wannan tunanin ya je Gaya ya furta sakin. Alƙali ya rubuta, ya rufe fayil ɗin ya tura gefe. Barau ya ce, "Allah ya gafarta Malam, sai maganar sabon sammacin, na Bauchi."

"Wane sammaci? Shari'ar a kan aure take. Tunda babu aure, babu shari'a. Ba na kiran shaida a kan abin da ba ya gabana."

Sai a lokacin ya gane abin da ya yi da bakinsa. A gari kuwa sakin nan ya zama hukuncin da kotu ba ta yanke ba. Mutane suka ce ashe dai gaskiya ne, da ba gaskiya ba ne ai ba zai sake ta ba. Da idda ta cika ya je wa limamin Kademi da maganar kome, liman ya ce shi ba zai ɗaura aure a kan shubuha ba, a kawo masa takardar alƙali. Ya je wa na Gafasa, ya ji amsa iri ɗaya.

Hure ta yi shekara tana zawarci, sannan ta auri wani dattijo mai sayar da gishiri a Kademi, mutumin kirki, wanda bai san komai a kan maganar ba sai abin da gari ke faɗa. Barau ya ci gaba da noma abin da ya samu, ya koma gero tunda gyaɗa ta ƙi. Ba ya zuwa Kademi, ba ya zuwa Gaya. In mota ta tsaya ana kiran Azare yakan juya baya.

Wata ranar da yamma yana zaure yana gyaran ƙotar fartanya, sai ga wani mutum a kan keke ya yi sallama. Ya ce daga Kademi yake, daga gidan mai gishiri. Hure ta sauka lafiya, namiji, yau aka yi suna. Ya kwance ƙunshi daga bayan keke ya ajiye a gaban Barau, goro ne da cinyar rago a naɗe cikin ganye.

"Maigidan ya ce a gaishe ka da kyau. Ya ce ba zai yiwu a raba naman suna a manta da kawun yaro ba."

Barau ya dubi naman. Naman suna ba a mayar da shi, mai aiken kuwa yana tsaye yana jiran amsar da zai kai. Ya goge hannunsa a riga, ya sa hannu biyu ya karɓa.

"Ka ce na gode. Allah ya raya."